Wadda Ta Koma Gandu

Ranar da mutanen Kalinowa suka binne aikin gandu, Orina aka fara miƙa wa shebur. Kafinta ya haɗa ɗan akwati irin na jarirai, aka cusa tsohon lauje da tsumman riga a ciki, aka ɗauko shi da waƙar makoki ana dariya har bakin coci. A nan Fada ya karanta takardar da ta zo daga fadar sarki a birnin Biyana sau biyu, don kada wani ya ce bai ji ba: daga yau babu talakan da zai sake yi wa ubangida noma kyauta, kuma gonar da kowane gida ke ci ta zama tasa.

"Ke za ki fara zuba ƙasa, Orina," in ji Dagaci Prokip. "Duk garin nan babu wanda ya san mamacin kamarki."

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Shekara ashirin da shida ita ke fita wa gidansu aikin gandu, kwana huɗu a kowane mako, tun tana budurwa har gashinta ya fara fari. Ta zuba ƙasar.

Ƙaninta Ilko, wanda shi ne maigida tun rasuwar ubansu, ya riga ya sha ya yi ɗumi. Ya haye keken shanu ya ɗaga hula.

"Jama'a ku shaida! Duk wanda ya sake taka gandu daga gidana, ku tofa masa yawu a fuska! Ubangida ya cire safar hannu ya yi girbinsa da kansa!"

Aka yi ta shewa, maza na bi da bi suna irin wannan rantsuwa.

Washegari Orina ta farka kafin alfijir kamar kullum, har ta ɗaura ɗankwali sannan ta tuna babu inda za ta. Ta zauna a bencinta kusa da murhu tana kallon hannuwanta. Malanka, matar Ilko, tana yanka baƙin burodi. Ta ba mijinta, ta ba ɗansu Fedko da ke shirin aure, ta miƙa wa tsohuwa Inna a kan dakalin saman murhu mai ɗumi, inda take kwance tun da idanunta suka mutu. Da ta zo kan Orina sai ta tsaya da wuƙar.

"To, Yaya, yanzu da kika samu 'yanci, me za ki riƙa yi mana?"

"Abin da ake yi a gida. Gonarmu ba ta buƙatar hannu?"

"Gonar mai kamar tafin hannu? Ilko da Fedko ma sun yi mata yawa."

Ta yanko mata, yankan ya fi na jiya siranta. Orina ta lura, ta karɓa.

Ba a yi wata biyu ba murnar gari ta fara tsami. Takardar ta ba da gonaki, amma ba ta ce komai ba game da daji da makiyaya, sai ubangida ya ce nasa ne. Ya zuba masu gadi da karnuka. Matar da aka kama da ɗaurin ƙirare an ƙwace mata gatari, saniyar da ta tsallaka shinge an riƙe ta. Shanun gari suka koma lasar gefen hanya, haƙarƙarinsu a waje. Shi kuma ubangida alkamarsa ta nuna ba mai yanka ta, don mutanen Kalinowa sun ƙi zuwa ko da lada.

Wata safiya Ilko ya sami Orina tana tatsar saniya. Ya ja ƙofar garke ya rufe.

"Yaya, magana nake so mu yi."

"Ina jinka."

"Na haɗu da Walenti jiya."

Hannunta ya tsaya a kan nonon. Walenti shi ne sarkin gandu, mutumin da ya shekara goma sha biyar yana tsaye a kanta bisa doki.

"Ya ce idan gidanmu ya ba da hannu biyu, shanunmu za su shiga makiyayar bayan tudu, inda ba a hangowa daga gari. Itace kuma mu ɗiba son ranmu."

"Hannun wa?"

Ilko ya dubi saniyar.

"Kai fa ka hau keke ka rantse a gaban gari, Ilko."

"Ni na rantse. Ke ba ki rantse ba."

"Ka ce daga gidanka."

"Haba Yaya, wata ɗaya ne tak, har a gama girbi. Ke kin san aikin, ba zai yi miki wuya ba. Dubi saniyar nan, nan da hunturu sai dai mu feɗe ta. Kina so Inna ta daskare? Ki bi ta bayan rafi kafin gari ya waye, babu mai ganinki."

Ta dube shi. Shi ne yaron da ta goya a baya tana tsintar dankali a gandu. Ta ce, "Wata ɗaya."

Kwana biyar kawai asirin ya yi. Wata mai wanki ta hango ta tana tsallaka rafi da lauje a kafaɗa, kafin la'asar gari ya ɗauka. Da ta je rijiya, matan suka janye bokitansu kamar mai kuturta ce ta iso. Wata tsohuwa da suka yi shekaru suna yankan alkama kafaɗa da kafaɗa ta matso ta tofa mata yawu a gaban riga.

"Karyar ubangida! Mu muna yunwa don ya durƙusa, ke kina cika masa rumbu!"

Orina ta goge da gefen ɗankwali, ta ɗauki ruwanta. Ta yi zaton Ilko zai yi magana. Ya kuwa yi, ranar Lahadi a ƙofar coci, maza sun kewaye shi, ita tana taku uku a bayansu.

"Wallahi na hana ta, har ƙofa na kulle. Ta taga ta fita. Me zan yi, in ɗaure yayata? Wanda ya daɗe a igiya ko ka kwance shi sai ya koma wajen turke. Bautar ta shiga jininta."

Maza suka girgiza kai suna tausaya masa. Ya juyo suka haɗa ido, bai ko ƙifta ba.

Da rana, gida babu kowa, ta hau gefen murhu wajen uwarsu.

"Inna, kin ji abin da ɗanki ya faɗa a kaina?"

"Na ji."

"Kin san ƙarya ce."

"Na san shi ne namiji. Idan gari ya juya masa baya, wa zai ba Fedko mata? Ke me za ki rasa? Ba miji, ba ɗa."

"Wa ya hana ni su? Sau biyu aka zo nemana, Inna. Sau biyu kika ce idan na tafi babu mai yi wa gidan nan kwanakin gandu, Ilko bai yi ƙwari ba. Da ya yi ƙwari kika ce ƙirjinsa ba shi da kyau."

Tsohuwar ta juya fuskarta bango. "Yanzu makauniya za ki tuhuma? Ki bar ni in mutu da salama. Ƙara itace a murhun nan, ƙafafuna sun yi sanyi."

Orina ta sauka ta ƙara itacen.

Ta je wajen Fada. Ya saurare ta har ƙarshe, yana murza gemu.

"'Yata, takardar nan tsakanin talaka da ubangida take. Ba ta shiga ɗakin kowa ba. Abin da maigida ya tsara a gidansa, ni ba ni da bakin magana."

"To ka faɗa wa mutane gaskiya kawai, Fada. Su daina tofa min yawu."

"In tona ɗan'uwanki a kan mumbari? Gida zai watse. Ki ɗauki wannan a matsayin gicciyenki."

Da za ta fita ta ga itace jibge a bayan gidansa har rufi, sabon sara, irin na dajin ubangida. Ba ta sake komawa ba.

Girbi ya ƙare, Ilko ya ce a bari a tone dankalin gandu. Dankali ya ƙare, ya ce sussuka ce ta rage, kuma yanzu ne ma ake buƙatar itace. Da aka sa ranar auren Fedko, Malanka ta ce amarya ba za ta kwana ɗaki ɗaya da wadda gari ke zagi ba, kuma ai bencin ma ana buƙatarsa. Aka mayar da tabarmar Orina garke.

"Ya fi ɗakin ɗumi, Yaya," in ji Malanka. "Numfashin shanu ai murhu ne."

Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri. Rumbun sussukar gandu ƙofofinsa biyu a buɗe suke don iska ta kwashe ƙaiƙayi, Orina na tsakiya da sanda daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Tafukanta suka tsage, ta naɗe su da tsumma, tsumman ya manne da jini. Tari ya kama ta, busasshe da farko, daga baya mai nauyi. Idan ta dawo sai ta tarar da kwanonta a bakin ƙofa, miyar kabeji ta yi sanyi har kitse ya daskare a kai.

A gari kuwa mutane sun fara ƙone shingensu, wasu har da benci. Hayaƙin gidan Ilko ne kaɗai ke tashi tun safe har yamma. Idan an tambaye shi sai ya ce tanadin bara ne.

Ranar biki Malanka ta zo garke da kanta, sanye da rigar ado.

"Yau kin huta, Walenti ya yarda. Amma don Allah kada ki shigo. Dangin amarya sun ce ba su zama da ke. Ki dai riƙa kawo itace bakin ƙofa, za a ɗauka."

Tun hantsi Orina ke jigila. Ta taga tana ganin teburi cike, mai goge na zuba kiɗa, maza sun tuɓe rigunan fata saboda zafin ɗakin. A ɗauka ta bakwai tari ya durƙusar da ita a kan ƙanƙara, ta tofar, ta ga ja. A ciki ta jiyo muryar Ilko yana ɗaga kofi.

"Ga auren farko a gidan nan na 'yantattu, 'ya'yan 'yantattu!"

Ta miƙe. Ba ta ajiye itacen a bakin ƙofa ba. Ta tura ƙofar da ƙafa, ta ratsa masu rawa, ta zube shi a tsakar ɗaki har wani ya gangara ƙarƙashin teburin amarya. Goge ya tsaya.

"Yaya," in ji Ilko a hankali, "fita."

"Zan fita. Tambaya ɗaya zan yi wa baƙinka." Ta juya. "Dagaci, ka ji ɗumi?"

Prokip ya yi tari. "Orina, yau ranar farin ciki ce."

"Na ce ka ji ɗumi? Gidanka shinge kuke ƙonawa. Wannan itacen daga ina? Ku dube shi, ɗanye ne, ruwa na fita daga bakinsa. Tanadin bara ne ke zubar da ruwa? Cukun da kuke ci, saniyar da ta ba da nonon a ina ta yi kiwo, alhali naku sun mutu?"

Ta warware tsumman hannunta ta ɗaga tafukan.

"Ga kuɗin itacen. Shi ya je wajen Walenti, shi ya ba da ni, shi ya nuna min hanyar bayan rafi. Kun tofa min yawu wata huɗu. To ga wanda ya ce a tofa masa, yana zaune."

Itace na ta ƙara a murhu. Amarya Ksenia, yarinya mai faffaɗar fuska daga ƙauyen gaba, ta rufe baki da hannu. Orina ta tsaya tana jiran wani ya tashi. Ta ga idanun maza suna zuwa kan itacen, su koma kan murhun, su koma kan Ilko, kuma abin da ke cikinsu ba fushi ba ne.

"Zazzaɓi ne," in ji Malanka da ƙarfi. "Kwana uku tana sambatu."

"Zazzaɓi ne, baiwar Allah," wani ya amsa daga ƙarshen teburi.

Prokip ya yi wa mai goge alama. Fedko ya kama hannun gwaggonsa ya kai ta waje, bai dube ta ba. Tana jingine da bangon garke ta ga Dagaci ya fito da Ilko, ya dafa kafaɗarsa, sun tsaya bayan keke. Iska ta kawo mata maganar.

"Hannu biyu kawai Walenti ya nema? Da makiyayar duka? Ka san matar marigayi ɗana tana nan zaune ba ta komai."

Washegari Orina ta ƙi tashi. Ta ce ta gama. Ilko bai ɗaga murya ba, bai ɗaga hannu ba. Kwano ne kawai bai zo bakin ƙofa ba, ranar da wadda ta biyo. A rana ta uku Walenti ya hana Fedko shiga daji, Malanka ta bar murhu ya mutu da gangan, ta buɗe ƙofa don kukan tsohuwa ya isa garke.

"Orina! Sanyi zai kashe ni! Orina, ni na haife ki!"

A rana ta huɗu ta ɗauki sandarta.

Ba ita kaɗai ta tarar a rumbun ba. Surukar Dagaci na nan, da wata gurguwa 'yar'uwar maƙeri, da tsohuwar da ta tofa mata yawu a rijiya, wadda jikanta ya rako har ƙofa. Ba wadda ta dubi wata. Walenti na zaune a kan buhu yana cika lofe, cikin nishaɗi.

"Da sai in bi gida gida ina dukan ƙofa," ya ce wa mai gadinsa. "Yanzu 'yan'uwansu ke kawo min su, har da gaisuwa."

Kafin Kirsimeti sun zama tara. A gari aka daina maganar karyar ubangida, hayaƙi ya koma tashi daga gidaje da yawa. Maza kuma suna nan kan rantsuwarsu, ko ɗaya bai taka gandu ba, suna faɗin haka da alfahari a mashaya.

Ksenia ce kaɗai ke shiga garke. Takan ɓoye dankali mai zafi a cikin riga ta kawo, ta shafa wa Orina kitse a tafuka, ba ta cewa komai sai "Sannu, Gwaggo."

Wata safiya a tsakiyar hunturu Orina ta yunƙura ta kasa. Ƙirjinta kamar an ɗora dutse, ƙafafun sun ƙi amsawa. Kwana biyu tana kwance. A na uku, rana ta ɗan ɗaga, ta jiyo su ta bangon katako.

"Walenti ya aiko," in ji Ilko. "Ya ce yau ne ƙarshe."

"To ita ga ta can kamar gawa," in ji Malanka.

"Ya ce shi hannu biyu ya sani, ba ruwansa da na waye."

Malanka ta ce, "Amaryar nan ƙaƙƙarfa ce. Kuma ba 'yar garin nan ba ce."

"Tana da ciki, in ji Fedko."

"Wata biyu ne. Ni da cikin wata takwas na yi shara."

Ƙofar garke ta buɗe, Ksenia ta shigo da ruwan zafi, ba ta ji komai ba. Orina ta cafke wuyan hannunta da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Ki tafi gidan ubanki. Yau. Yanzu. Kada ki tsaya ɗaukar kaya."

"Lafiya, Gwaggo?"

"Gandu za su tura ki."

Yarinyar ta yi fari. Ta zauna a kan ciyawa, ta ce a hankali, "Babana ya tura ƙanwarsa tun makon jiya. In na koma, ni zai tura."

Takun Ilko ya matso. Ya tsaya a bakin ƙofa, sandar sussuka a hannu, ya kauce wa idon yayarsa.

"Ksenia, 'yata, zo mu yi magana. Kwana kaɗan ne, har gwaggonki ta warke."

Orina ta dafa bango. Ta ɗora gwiwa ɗaya, garken ya juya mata, ta jira ya tsaya. Ta kama ƙahon saniya ta ja jikinta sama. Tari ya lanƙwasa ta, ta haɗiye abin da ya taso. Ta taka har ƙofa ta zare sandar daga hannunsa.

"Bar ta. Zan je."

Ilko ya ja da baya ya ba ta hanya, fuskarsa ta saki. Ya juya wajen matarsa da ke tsaye a tsakar gida.

"Kin gani? Na faɗa miki lafiyarta ƙalau."

Ta bi ta tsakiyar gari, don yanzu babu mai buƙatar hanyar bayan rafi. Maza na zaune a ƙofar mashaya suna gardama kan majalisar da aka ce an kafa a birni, da wakilin da za su aika ya yi magana da sunan talakawa. Suka janye ƙafafunsu ta wuce, wani ma har ya gaishe ta. Mutanen kirki ne, masu zuwa coci, kuma da gaske sun sha wuya a hannun ubangida. Sun san zafin a mallaki kwanakin mutum, sun san shi sarai, shi ya sa kowannensu ya zaɓi wadda zai bayar da kyau: gwauruwa, gurguwa, tsohuwa, wadda ba ta da mai tambaya.

Orina ta kai rumbun bayan an fara aiki. Ta yi sussuka har azahar, sannan ta zauna a kan dami ta ce bari ta ɗan huta. Matan suka rufa mata buhu suka ci gaba, don Walenti na kallo. Sai da aka tashi suka gane ta cika.

An binne ta ranar Asabar. Ranar Litinin Ksenia ta fita da sandar.